Tsohuwar Wayar Goggo

Ta taka! Wallahi ta taka da ƙafafunta, ba mai riƙe da ita. Da wannan za ni fara, don tun ranar maganar ke cina a ciki ban samu inda za ni aje ta ba.

Ina tsakar gida ina wanke shinkafa, ita kuma tana riƙe da turmi tana cizon bakinai, aikinta ke nan. Sai kaza taz zo wucewa da 'yan tsakinta. Kawai nag ga ta saki turmin. Tab bi kazar, hannuwa sama, tana tangaɗi kamar wanda yas sauko daga jirgin ruwa, har bakin randa, sannan taz zauna daɓas. Taj juyo tad dube ni tana dariya, miyau na zuba.

Ni kuwa nac ci gaba da wanke shinkafa.

To mi za ni yi? Goggo, uwar maigidan, tana nan zaune ƙarƙashin dogonyaro tana gyaran kifi. Yarinyar ga ɗiyar fari ce. A gidanmu, da gidan da anka kawo ni, ɗan fari ba a faɗin sunanai, ba a yabonai, ba a yi mashi wasa gaban manya. In ba nono za ki ba shi ba, ko ɗaukatai ba ki yi sai kin ga ba ido. Haka uwata tay yi da Yaya Bilyamin, haka Goggo ke yi da maigidan har yau da gemunai. Sai nas sunkuyar da kai ina murza shinkafa har tana karyewa cikin hannuna.

Goggo ce tas saki wuƙa tac ce, "A'a! Ƙawata, sai ina? Kasuwa za ki ba sallama?" Tad ɗauke ta tana juyi da ita. Ita kaka ce, ta samu dama. Ni ko murmushi sai da nash shiga ɗaki nay yi shi, nat tura fuska cikin matashin kai.

Mutum ɗaya ne duk duniya za ni iya gaya ma abin ga da bakina yadda nike so. Shi kuma, maigidan, shina tsallaken gulbi, ƙasar Binin.

Masunta ne su, gidansu duka. Ya tafi sansanin masunta can bayan iyaka tun yarinyar ba ta iya zama ba, da niyyar in kifi ya bushe shi dawo. Sai anka rufe boda. Jirginai da komanai da kifinai duk suna can. Masu ƙetarowa ta ɓarauniyar hanya akwai su, amma mun ga waɗanda anka karɓe ma jirgi, mun kuma yi zaman makokin wani da ruwa yac ci garin gudu. Tun farko nar roƙe shi kada shi gwada. Yac ce ya ji.

Can inda suke kira ba ya shiga. Sai dai akwai wani tudu bayan sansanin, in mutum ya hau ya ɗaga waya, sabis kan leƙo kaɗan shi koma. Shi ya sa masunta duka ke aiki da wata manhaja, Tsallake sunanta. Ka yi magana a ciki, ita kuma ta dunƙule muryar ta yi ƙanƙanta, ta gutsuttsura ta, duk sadda sabis yal leƙo ta tura gutsure ɗaya, har ta haɗu can. Wani lokaci saƙon safe sai la'asar. Amma shina zuwa. Da ita munka rayu. In na gama aiki in shiga ɗaki in saki labule, in gaya mashi komi: haƙori ya fito, ta ja ma akuya kunne, ta ƙi kunu. A nan kaɗai nike uwa da baki.

To, ga inda abin yal lalace. Da damina yarinyar tak kwanta. Zazzaɓi mai zafi, ta ƙi nono, idanu sun faɗa. Nay yi mashi saƙo ina kuka, nac ce ban san ko za ta kai gobe ba, gobe za mu asibiti. Shi ne saƙona na ƙarshe. A asibiti anka yi mata allurai, Allah Yak kawo sauƙi, kuma ranar da taf fara samun ƙarfi, abin da taf fara yi da ƙarfin shi ne tad ɗauki wayata taj jefa cikin randa. Sai da anka zo ɗibar ruwan alwala anka gan ta.

Nak kai ma Yaya Bilyamin. Shagonai na gyaran waya na nan kusa da tashar Bagudo, ɗan ƙarami, in mutum biyu sunka shiga na uku sai shi tsaya waje. Yaj juya ta, yag girgiza, ruwa yaz zubo.

"Risku, wagga sai dai a yi mata salla. Wa yay yi wannan aiki? Amatullahi?"

Nak kau da kai.

"Au, na manta, ba ki san mai sunan ba. Ɗiyar maƙwabta ce kike goyo."

"Yaya, don Allah."

Yay yi dariya, yab buɗe akwati yab ba ni wata sabuwa, mai faɗin fuska, yac ce in riƙe. Yas sa mani Tsallake a ciki. Nat taɓa ta, tab buɗe, tar rufe. Nas sake taɓawa, tab buɗe, tar rufe, kamar mai leƙowa ta ga baƙo ta koma. Dariyar Yaya tat tsaya.

"Na san za a rina," yac ce. "Ashe kaina za shi faɗo."

Ni makaranta aji biyu na sakandare nat tsaya, don haka abin da yab bayyana mani, yadda nag gane shi za ni faɗa. Wai cikin Tsallake akwai wani abu da ke yin ainihin aikin dunƙule murya. Laburare suke ce mashi, ko da yake ba littafi ko ɗaya. Sunanai na Turanci ya fi ƙarfin bakina, ni Dunƙule nike ce mashi. Ba na kowa ba ne, ba a saye, a buɗe shike, duk mai iyawa shi duba shi gyara. Wasu mutane ne can wata ƙasa sunka fara shi, sunka yi ta yi, sannan ɗaya bayan ɗaya sunka watse. Wannan ya samu aiki, wancan ya gaji. Yaya tun shina makaranta Birnin Kabi yash shiga cikinsu, shi ne ma yak kawo Tsallake ga masunta. Yanzu in ka duba wurin, shi kaɗai yar rage shina share shi.

"To ka gyara mana," nac ce.

"Kin san rumfar Goggo ta shan iska? Ba ta da ginshiƙi nata. Gefe ɗaya ta jingina ga katangarku, gefe ɗaya ga rumbu, gefe ɗaya ga iccen maƙwabta. Haka Dunƙule shike. Ya jingina ga kayan wasu mutane, su ma kayansu sun jingina ga na wasu. To duk sun rushe nasu sun yi sabon gini, mu muna nan jingine ga tsohon. Sabuwar waya ta ce ba ta yarda da tsohon gini ba. Sai na bi su ɗaya-ɗaya na maida rumfar kan sabo."

"Zuwa la'asar ka gama?"

Yay yi tsaki yak koma ga aikinai.

Nad dawo gida da waya mai kyau wadda ba ta iya kai maganata ko bakin gulbi.

Ranar kasuwa Na'Allah yaz zo gaida Goggo. Dillalin kifi ne, shina da takardun shiga da fita da ƙafa, shina kaiwa har kusa da sansanin. Yad durƙusa bakin zaure yac ce ko akwai saƙo. Ina bayan Goggo tsaye.

Goggo tac ce, "Ka ce da mutanen can kowa lafiya."

"Yarinyar fa? Na ji an ce ta sha jiki."

Ni yad duba. Bakina cike da magana: ta warke, tana cin tuwo, ta yi kumatu. Amma Goggo na nan, ga namiji baƙo, ga ɗiyar fari. Nad dubi ƙasa nac ce, "Lafiya lau."

Yat tafi da wannan. Ina shiga ɗaki nag gane abin da munka yi. Shekarar da mahaifin maigidan yar rasu, shi ma shina can wurin su, saƙon da anka aika mashi ke nan: kowa lafiya. Sai da yaz zo yat tarar da tabarmin makoki a ƙofar gida. Shi da bakinai yab ba ni labarin. Mutumin da yaj ji matatai na kuka ta ce ɗiya ba ta kai gobe, sannan shiru, sannan a aiko mashi da kowa lafiya, mi za shi ɗauka?

A cikin kwanakin nan ne tat taka. Kun ga ke nan. Labari mafi daɗi da nat taɓa samu, ga shi hannuna, can kuma mutum na zaune shina zaton ya binne ɗiya bai gani ba.

Kullum in na gama abincin rana sai in ce ma Goggo za ni kai ma Yaya nashi. Ba ta taɓa tambayata don mi tuwon Yaya yaz zama farilla ba. Sai ta ce, "Bar mani ƙawata, rana ta yi zafi." In saka hijabi in bi ta bayan masallaci in ɓulla tasha.

Kullum ina tarar da shi wuri ɗaya, ya duƙa kan kwamfuta, baƙin allo da ƙananan rubutu na gudu. In ja ya fito, sai shi yi tsaki. Ja na nufin rumfa ta faɗi. Shi gyara nan, can ta zube. Wayoyin mutane na jibge ba a taɓa ba, masu su na zuwa suna faɗa.

"Malam, tun yaushe nak kawo wayag ga? Ko sai na kai ka Hisba?"

"Kai ni, Alhaji, ko na huta. Can aƙalla akwai wanda za shi yi mani magana."

Da wasa yaf faɗa, amma na ji shi. Wata rana nac ce, "Su mutanen naku ba su taimaka maka?"

Yaj juyo da kwamfutar yan nuna mani. Ya yi rubutu mai tsawo da Turanci, ya ce ga abin da yal lalace, ga abin da shike gwadawa, ko akwai mai dubawa. Ƙarƙashin rubutun fari fat, ba kowa.

"Mutane na ɗauka suna aiki da shi, ina ganin adadinsu. Amma ba mai cewa uffan sai ranar da yaf fashe. Yanzu ma da yaf fashe ba su ce ba, sun dai koma wani wuri. Masu sabis mai kyau ne, suna da wurin komawa."

Nat tura mashi kwanon tuwo. Yac ci shina kallon allo. Ni ina zaune kan benci ina kallon motocin Kamba da na Kaoje suna lodi, kowa da inda za shi. Mu biyu cikin shago, kowa da shirun da ke damunai, ba mai iya ɗauke ma wani.

Sai wata Laraba, tun daga nesa nag ga shi tsaye bakin shago shina ɗaga mani hannu.

"Kore! Risku, duka kore! Kawo wayar."

Yas sa sabon. Nat taɓa Tsallake. Tab buɗe, tat tsaya! Ban ko yi mashi godiya ba, nar ruga gida, har ina tuntuɓe da hijabi. Nash shige ɗaki nas saki labule. Nad danna, naf fara magana, ban san ma mi nike faɗi ba, duk a haɗe: ta warke, ta taka, kaza tab bi, randa, wayar ma ita taj jefa, kada ka damu, kada ka taso. Nat tura. Kafin la'asar alama taf fito cewa ya isa.

Sannan nashi sunka fara shigowa. Ɗaya, wani, wani, suna ta sauka, duk waɗanda yat turo tun ranar asibiti. Nat taɓa na farko.

Shuuuu. Kamar an zuba kifi cikin mai mai zafi.

Na biyu, haka. Na uku, haka. Nab bi su duka har ƙasa. Ko kalma ɗaya babu. Ga tsawonsu ina gani, wani gajere, wani dogo sosai, mutum ya daɗe shina magana, amma sai ƙarar suya.

Nak koma tasha, wannan karon ba tuwo. Yaya yas saurara, yas sake saurare, yad dafe kai.

"Innalillahi. Na gane. Cikin kayan da nas sabunta akwai wanda ke matse muryar. Sabon ya canza yadda shike matsewa. Sabuwar waya da sabuwar waya za su ji juna. Amma tsohuwa..."

"Tashi tsohuwa ce."

"Ta kowa can tsohuwa ce. Ni kuma da sababbi biyu nag gwada, nag ga kore nay yi murna."

"To nawa saƙon da yat tafi?"



"Ya isa. Za shi ga sunanki. In ya buɗe, abin da kika ji shi za shi ji."

Naz zauna kan benci. Gara shirun da. Yanzu ya ga saƙo daga gare ni bayan duk wannan lokaci, dogon saƙo, ya hau tudu ya buɗe, ba komi sai shuuu.

"Su sabunta tasu mana," nac ce.

"Da wane sabis? Abin da ke ɗaukar wuni kafin shi kai murya ɗaya? Kuma wayoyinsu ba su ɗaukar sabon ko sun samu. Ni ne za ni koma. Sauran kayan su zauna sababbi, amma mai matse muryar sai na ɗauko tsohon na gyara shi da hannu yadda sabuwar waya za ta yarda da shi, shi ci gaba da magana irin ta da."

"Ka yi mana."

"Ina iya yi. Amma ba ni sake turawa ban gwada da tsohuwar waya irin tashi ba. Kuskure ɗaya ya isa. Kuma duba," yaj jawo kwali cike da gawarwakin wayoyi, "duk irin nan sun mutu. Masu rai suna can tsallake hannun masu su."

Washegari Na'Allah yad dawo. Bai ko zauna ba. Yac ce da Goggo ya ga maigidan, ya rame, ba ya fita su. Ya ce da yag gaya mashi kowa lafiya, sai yat tambaya ko an yi sadakar uku. Na'Allah ya rantse mashi yarinya na da rai, shi kuma yac ce, ka gan ta da idonka? Na'Allah bai gan ta ba, tana ɗaki tana barci ranar. Yanzu wai maigidan ya yi magana da wasu masu jirgi, in kasuwa mai zuwa ta watse za su biyo ta cikin ciyawa su ƙetaro.

"Na ce mashi kada shi yi, Goggo. Ruwa ya cika, kuma ana sintiri. Ni ba ni komawa sai bayan kasuwar, da na kai mashi ko hoto."

Goggo ba ta ɗaga kai daga tsintar wake ba. Tac ce, "Shi yas sani. Babba ne." Na'Allah yat tafi. Wake kuwa nag ga tana zuba mai kyau cikin tsakuwa, tsakuwa cikin mai kyau.

Da la'asar ina shanya, yarinyar na bin bango, nay yi abin da ban taɓa yi ba. Ban dubi Goggo ba, igiyar shanya nad duba, nac ce, "Yaya ya ce gyaran ya tsaya. Wai sai an samu tsohuwar waya, irin ta mutanen can, a gwada. An rasa."

Goggo tac ci gaba da tsintar wakenta. Nac ce a raina na yi rashin kunya a banza.

Can sai naj ji ta tashi, tash shiga ɗakinta. Naj ji ƙarar kwanoni, irin jeren nan nata da ba mai taɓawa. Taf fito da wani abu ƙunshe cikin tsumma, ta aje kan turmi, kamar ta aje gishiri.

"Wani tarkace ne anka bari nan. Cika mani kwalla shike yi. In yaron can na da amfani da shi, shi ɗauka."

Tak koma ga wakenta.

Nab buɗe tsumman. Waya ce, irin tashi sak, har launi. Na tuna, biyu yas saya, yab ba ta ɗaya kafin shi tafi, tac ce mi za ta yi da ita, a kai can. Tun ranar ban sake ganinta ba. Nad danna gefe, ina zaton matacciya ce. Tak kama. Cajinta cike. Tsallake na nan a fuskar, an taɓa ta har wurin ya yi santsi. Ba saƙo ko ɗaya a ciki, ba wanda yash shigo, ba wanda yaf fita. Shi bai turo ba don ya san ba ta saurare gaban kowa, ita ba ta tura ba don ɗan fari ne. Amma wani na kai ta caji duk watannin nan, kuma ba ni ba ce.

In na yi godiya na kunyata ta. Nam maida tsumman nas saka hijabi.

Yaya da yag gan ta sai da yas sumbace ta. "Ina kika samo wagga tsohuwa?"

"Tarkace ne anka bari."

Yad dube ni, yag ga cajin, bai ƙara tambaya ba. Shi ma ɗan fari ne, ya san irin tarkacen.

Yar rufe shago ga masu kawo gyara, yab bar ƙofa ɗaya. Wayoyi biyu gaba gare shi, tawa da ta Goggo. Shi yi magana cikin wannan, shi saurara cikin waccan. "Gwaji, gwaji, Bagudo na kiran Bagudo." Shuuu. Shi koma allo. Wata rana muryar taf fito amma kamar ta kwaɗo, har nay yi dariya ban shirya ba. Wata rana taf fito rabi tay yanke. Kasuwa na matsowa. Na daina iya cin abinci, nono ma ya ragu, yarinyar na ja tana cizo.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, ina shigowa da kwano naj ji muryar Yaya na fitowa daga wayar Goggo, tas, kamar shina cikinta: "Riskuwa uwar Amatu, mai kunyar ƙarya." Shi kuma ga shi zaune bakinai rufe, idanu jajur, shina murmushi.

"Yanzu juya," yac ce. Yay yi magana cikin ta Goggo, taf fito cikin tawa. Yas sake, yas sake, har sai da nac ce ya isa haka, Yaya, rana na tafiya.

"Je ki. Sake yin sabo, gajere, don shi yi saurin isa. Labarin kaza ki bari sai na biyu."

Ban bari na kai gida ba. Nash shiga bayan shagon, wurin tsofaffin batura, nad danna. Nac ce, "Tana da rai. Ta warke. Kada ka hau jirgin nan. Jira, za ka ji ta." Nat tura.

A gida nat tarar Goggo ta ɗaura ma yarinyar wasu 'yan ƙararrawa a ƙafa, irin na da, ban san ma tana da su ba. Tac ce wai don a riƙa jin inda tan nufa, kada ta faɗa randa. Sannan tac ce za ta maƙwabta ta karɓo rariya, tat tafi, ga rariyarmu rataye a bango.

Tsakar gida ba kowa. Nad durƙusa, nak kira ɗiyata da sunanta, da ƙarfi, karo na farko a filin Allah. Tas saki turmi tat taho, cas, cas, cas, tana ƙyalƙyala dariya, ni ina riƙe da waya kusa da ƙasa, har taf faɗo jikina. Nat tura wannan ma.

Sannan jira. Azahar tay yi, alama ba ta fito ba. Nay yi salla, nad duba, babu. In bai hau tudun ba fa? In ya riga ya daina hawa? Don kada in haukace naf fara buɗe tsofaffin saƙonninai, yanzu suna magana. Na farko shina tambaya mi likita yac ce. Na tsakiya shina cewa ko mi ne ne in gaya mashi, shi namiji ne. Dogon nan kuwa, ba magana sosai a ciki, numfashi ne da ƙarar ruwa, sai can ƙarshe yac ce, "Ko ba ki iya faɗi, ki danna ki yi shiru, in ji kina nan." Nak kashe, ban iya ƙarasa sauran ba.

Bayan la'asar wayar tay yi ƙara. Alama biyu, an saurara. Ga sabo na sauka, a hankali, gutsure-gutsure, ina kallon layin na cika kamar ana ɗura tulu da cokali.

Goggo ta dawo, tana bakin ƙofata da faifai tana sheƙar gero, inda ba ta taɓa yin sheƙa ba don iska ba ta biyowa nan. Da can in za ni saurara sai in manna wayar ga kunne. Yau nak ƙure ƙarar, na aje ta kan gado kusa da labule.

Da farko dariya ce, da wani abu da ba dariya ba. Sannan yac ce, "Sake turo tafiyar nan. Na sa ma mutanen sansani duka sun ji. Na ce da masu jirgi su tafi abinsu, ina nan har a buɗe." Sannan yaƙ ƙara da cewa, "Ƙararrawar nan na san ta. Ki gaida mai ita."

Faifan ya tsaya. Ina jin tsayuwatai ta bayan labule. Sannan sheƙar tac ci gaba, da sauri fiye da da.

"Ke yarinya," Goggo tac ce, "wannan abin naku ya cika surutu. In yaron can ya gama da tarkacen nan, a maido mani, kwallata ta saba da shi."

Da nak kai ma Yaya tuwo washegari, wayoyin mutane ya koma gyarawa, Alhajin nan na tsaye kanai. Nac ce ko mutanen nashi sun yi magana yanzu da ya tura gyaran. Yaj juyo da kwamfutar. Ƙarƙashin dogon rubutun nan har yanzu fari ne, sai nashi na biyu da yaƙ ƙara, inda yac ce an gyara, tsofaffin wayoyi ma na ji.

"Ba kowa," yac ce. "Mudassiru ya ji?"

Nak kau da kai don sunan maigidan ne.

"To ya isa. Miƙo tuwon."

Nab ba shi, nak karɓi wayar Goggo, nak ƙunshe ta cikin tsummanta. Kafin in fito nac ce shi ƙara mata caji tukuna.